Rakiyar Shugaba a Jirgin Yaƙi

Al-Badi'a, Riyad,
9 ga Maris, 1986.

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya Jamilatu da Nuru? Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka kuwa? Yaya Gusau, yaya makaranta da ɗalibanki? Saƙonki ya iso ni ta hannun Alhaji Bashari, har da yaji da kilishi. Kilishin dai bai kwana ba, don Lado ya zo ya tarar da shi a kan tebur. Kin san shi, dogon nan ɗan Funtuwa, mijin Turai, nas ɗin da ke miƙo mini kayan aiki a ɗakin tiyata. Ya ce in gaya miki na gaba a ƙara barkono.

Abin da ya sa na yi saurin rubuto miki shi ne wata 'yar tafiya da ta taso mini. Kwanakin baya an kawo mana babban baƙo asibiti, shugaban wata ƙasa da ke ƙetaren Bahar Maliya. An sa mun yi alkawari ba za mu ambaci sunansa ko na ƙasarsa ba, don haka ki yi haƙuri in riƙa ce masa Shugaba kawai. Gyambon ciki ne ya fashe masa, ni na yi masa aiki, kuma Allah ya ba da sa'a.

Mutum ne ɗan ƙarami, tsohon soja, mai magana a hankali kamar limamin unguwa. Da safe idan na shiga duba shi, sai ya riga ni tambayar lafiyar iyali. Wallahi in ba an gaya miki ba, ba za ki ce wannan ne mutumin da aka yi shekara da shekaru ana yaƙi a kansa ba. Masu tsaronsa kuwa sai a hankali. Babbansu, wani Kanar Dirar, shekaranjiya ya mari wani ɗan Bangaladash mai goge ƙasa har haƙorinsa ya fita, don kawai bokitinsa ya yi ƙara a bakin ƙofa. Mudir, wato shugaban asibitinmu, ya ce kowa ya yi kamar bai gani ba. Lado ne ya ja mutumin zuwa ɗakinmu ya wanke masa baki, yana ta zagin Kanar da Hausa yana murmushi don kada a gane.

To, tun Shugaba yana kwance 'yan tawaye suka matso babban birninsu, suka ragargaza filin jirgin sama da igwa, jirgi ba ya iya sauka. Shi kuma ya rantse sai ya koma. Ya ce in ya ƙara daɗewa a gadon asibiti zai tashi ba shi da ƙasa. Sojojinsa sun aiko masa da jirgin ruwa na yaƙi, yana can gaɓa yana jiransa. Na gaya masa ɗinkin bai gama kamawa ba, ya ce to likitan ya biyo ɗinkinsa. Na ɗauka wasa yake yi. Jiya Mudir ya kira ni ofis, na tarar har an buga mini bizar fita da dawowa. Kin san zaman nan, fasfo yana hannun kafili, wato wanda ya ɗauko mutum aiki, ba a cika neman shawarar mutum ba.

An ce in tafi da nas ɗaya. Ban kira sunan Lado ba, shi ya tare ni a baranda. Wai shi da tunda aka haife shi bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Mairuwa ba, zan tafi teku in bar shi? Na ce masa wurin yaƙi ne fa. Ya ce ai shi ya sa ba zai bar ni da wani ba.

Kada ki tayar da hankalinki. An ce ba nisa, mu sauke shi, mu miƙa shi ga likitocinsa, mu juyo. Kada ki gaya wa Inna sai na dawo, kin san hawan jininta. Ki dai sa mu a addu'a. Ki shafa mini kan yara, ki gaida duk mutanen gida.

Naki har kullum,
Mijinyawa.

Al-Badi'a, Riyad,
2 ga Afrilu, 1986.

Hansai tawa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Inna. Ki yi haƙuri da rubutun, kin ga ya karkace. Hannuna na hagu a ɗaure yake, ba ni da abin danne takarda.

Na dawo Riyad, ina da rai, yatsu biyu ne suka karye. Lado bai dawo ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lado ya rasu, Hansai, a cinyata ya cika.

Na buga wa yayansa Basiru waya a Kaduna, shi zai je Funtuwa ya sanar da gida. Ina roƙonki ki nemi izini a makaranta ki tafi wurin Turai, ki zauna da ita har a yi addu'ar bakwai. Idan ta tambaye ki yadda aka yi, ki ce ba ki sani ba tukuna, ai gaskiya kika faɗa. Asibiti sun rubuta wa iyalinsa cewa hatsari ne a bakin aiki. Ba hatsari ba ne. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga don in ba ki labarin, sai in ga ɗakin nan a gabana in ajiye. Ki ba ni lokaci kaɗan. Kuma ba ta gidan waya zan aiko ba, sai an samu mai zuwa gida.

Ki yi mini addu'a, ki yi masa.

Mijinki,
Mijinyawa.

Al-Badi'a, Riyad,
23 ga Afrilu, 1986.

Zuwa ga Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, yaya kuke, yaya ƙarin haƙuri? Na ga takardarki. Allah ya saka miki da alheri da zaman da kika yi wa Turai. Kin ce ba abin da take tambaya sai ko an yi masa sutura. Alhaji Bashari zai taso jibi, shi zai kawo miki wannan hannu da hannu. Ki karanta ke kaɗai, sannan ki zaɓi abin da za ta iya ɗauka ki gaya mata.

Jirgin ba irin wanda ake gani a hoto ba ne. Tsoho ne mai launin toka, ko'ina ƙarfe da warin man dizal, igwa ɗaya a gaba ɗaya a baya, cike da samarin sojojin ruwa da suka daɗe ba su ga gida ba. Kwamandansa wani dattijo ne mai furfura a gemu, sunansa Jailani, ba mai yawan magana ba. Ya bar wa Shugaba ɗakinsa, mu kuma aka ba mu ɗakin cin abincin hafsoshi muka jera kayanmu. Ranar farko Lado ya yi ta amai, yana yi yana dariya, yana cewa a mayar da shi Mairuwa.

Washegari da hantsi muka doshi wasu ƙananan tsibirai. Shugaba ya hau sama ya tsaya kusa da Kwamanda da madubin hangen nesa a hannu, na bi shi ina roƙonsa ya zauna saboda ɗinkin. Ina tsaye a bayansa na hango ƙananan jirage masu inji sun fito daga bayan duwatsu a guje, farin kumfa na bin su. Kafin igwarmu ta juya, roka ta faɗa tsakiyar jirgi. Ban ma ji ƙarar ba, sai ganin kaina na yi a ƙasa, bakina cike da jini, kunnena na dama ya toshe, har yau bai buɗe sosai ba. Wani saurayi da ke miƙa harsashi kusa da ni, na waiwaya na ga takalmansa da ƙafafunsa a ciki, sauran jikin babu. Wuta ta kama bayan jirgi. Mutane suna gudu tufafinsu na ci, wasu suka faɗa ruwa don su kashe ta, jirgi kuwa bai tsaya ɗaukarsu ba. Igwar gaba ta samu ɗaya daga cikin jiragen maharan, ya tashi sama ya tarwatse, na ga mutane suna faɗowa kamar tsummoki.

Zan faɗi gaskiya game da Shugaba. Bai sunkuya ba. Yana tsaye riƙe da ƙarfe, yana ce wa samarin jirgin "'ya'yana", yana nuna musu inda za su harba, har maharan suka juya. Ba don tsayuwarsa ba, ina jin da kowa ya watse.

Na rarrafa na sauka ƙasa. Na tarar Lado ya riga ya share teburin cin abinci ya shimfiɗe mutum a kai, wasu kuma suna jere a ƙasa har bakin ƙofa. Jini yana bin daɓe, idan jirgi ya karkata ya gangara wannan bango, idan ya dawo ya koma wancan. Mun yanke hannu, mun yanke ƙafa. Allurar kashe zafi ta ƙare, muka koma ba mutum tsumma ya ciza. Waɗanda kwanansu ya ƙare, Lado yana laƙƙana musu kalmar shahada da baki, hannunsa kuma yana miƙo mini zare. A cikinsu akwai wani laftana mai suna Ayyub, shi ke kula da na'urar oba-oba ta jirgin, ƙarfe ya farke masa ciki. Mun daɗe a kansa muna ɗinke hanji har bugun jininsa ya dawo. Lado ya dube ni ya ce, "Likita, wannan kam mun ƙwato shi."

Ashe a sama Kanar Dirar ya shiga kunnen Shugaba. Ya ce ba yadda za a yi 'yan tawaye su san hanyarmu sai da ɗan cikin gida, kuma ba mai iya aika magana waje sai 'yan ɗakin oba-oba. Kwamanda Jailani ya ce masa duk masunci da ke tsibiran nan ya ga wucewarmu tun safe, jirgin yaƙi ba abin ɓoyewa ba ne. Shugaba bai saurare shi ba. Ya ce a fito da 'yan ɗakin oba-oba duka, a gama da su kafin la'asar. Kwamandan ne ya ba ni wannan labari daga baya. Mu dai abin da muka ji a ƙasa shi ne harbi ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, ba irin na yaƙi ba, kowane harbi sai ƙarar faɗuwar abu a ruwa ta biyo shi.

Sai ga Kanar a ƙofarmu da mutanensa biyu. Ya nuna Ayyub ya ce a ɗauko shi. Na ce masa cikin mutumin a buɗe yake, ban gama rufewa ba. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba. Na dafa tebur da hannun hagu na tare, sai ɗayansu ya ɗaga gindin bindiga ya sauke a kan yatsuna. Na ji ƙarar karyewarsu kafin in ji zafin. Na durƙushe.

Lado ya zagayo ya tsaya tsakaninsu da tebur, safar hannunsa jina-jina, ya ware hannuwa. Da ɗan Larabcinsa na kasuwa ya ce, "Haramun ne, ya Kanar. Majinyaci ne." Kanar ya ce ya matsa. Lado ya sake cewa haramun ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ba zagi, ba ɗaga hannu. Kanar ya zaro ƙaramar bindiga ya harbe shi a ƙirji, ko fuskarsa ba ta canja ba. Suka tsallake shi suka jawo Ayyub ta ƙafa, robar ƙarin ruwa tana jan ƙasa a bayansa.

Na jawo Lado na ɗora kansa a cinyata, na toshe ramin da hannuna mai lafiya. Harsashin ya samu babbar jijiya. Na sani, shi ma ya sani, aikinmu ne. Ya ce in gaya wa Turai kada ta cire yaran daga makaranta. Ya yi shahada da bakinsa, sarai na ji ta. Ya cika kafin a yi harbin ƙarshe a sama.

Ban tashi daga wurin ba aka zo aka finciko ni. Ɗinkin Shugaba ya ɓalle saboda tsayuwa da ihun da ya yi, ya yanke jiki ya faɗi, jini ya jiƙa masa kaki. Aka shigo da shi a sume aka kwantar a kan teburin nan dai, ba a ko goge jinin Ayyub ba, gawar Lado tana jikin bango an ja ta gefe. Kanar ya tsaya a bayana da bindigar a hannu.

Hansai, ba zan ɓoye miki ba. Na ga jijiyar da ke zubar da jini. Na san in na yi kamar ban gan ta ba na rufe, zai kai gaɓa da rai, ya mutu daga baya, ba wanda zai ce ni ne. Na tsaya ina kallonta, ina kallon ƙafafun Lado da suka leƙo daga ƙarƙashin bargo. Ban san ko tsoron bindiga ne ya motsa hannuna ko tsoron Allah ba, har yau ina tambayar kaina. Na kama ta na ɗaure. Kwamanda Jailani da kansa ya riƙe mini almakashi tunda hannu ɗaya gare ni, hawaye na bin gemunsa. Ɗinkin ya yi kyau.

Kafin mu shiga tashar jirgin ruwansu Kanar ya ce a jefa Lado a ruwa. Kwamanda ya tsaya a gabansa ya ce jirginsa ne, kuma wannan baƙonsa ne, sai dai a haɗa su biyu a jefa. Samarin jirgi suka taru a bayansa da bindigoginsu, Kanar ya duba ya ga ba riba ya wuce. A gaɓa jama'a sun cika maƙil da tutoci da ganguna, ana jiyo igwa daga bayan gari. Aka sa wa Shugaba sabon kaki, aka tallafe shi ya ɗaga musu hannu, suka ɗauki sowa.

Suna can suna sowa, mu muna bayan jirgi muna yi wa Lado wanka. Samarin suka kawo farin ƙyalle mai tsabta aka yi likkafani. Muka sallace shi tare da mamatansu, muka binne shi a maƙabartar da ke bayan tashar, gindin wata kurna. Ki gaya wa Turai an yi masa sutura yadda addini ya ce, ni na sa shi a kabari da hannuna, kuma sahun ya yi tsawo, har waɗanda muka ɗinke suka sa aka ɗauko su a kan gadon ɗaukar majinyata don su tsaya masa. Ni kuma wani jirgin dakon awaki ne ya dawo da ni.

Na je unguwar Manfuha inda Lado yake haya da abokansa na kwashe kayansa. Ashe ya riga ya saya wa yaransa kayan salla, suna nan a ƙulle a akwati. Ba na iya barci sosai, amma ina cin abinci, kada ki damu. Ki gaida Inna, yanzu kina iya gaya mata na yi tafiya na dawo.

Naki,
Mijinyawa.

Al-Badi'a, Riyad,
14 ga Oktoba, 1986.

Abar ƙaunata Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kewa mai yawa, ina fata ke da yara da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce Basiru ya sa yaran Lado a makarantar kusa da gida. Yatsuna sun warke amma a karkace, doguwar tiyata ta fi ƙarfina yanzu, an mayar da ni duba majinyata a ɗakunansu.

Wataƙila kin ji a rediyo an hamɓarar da Shugaba. Abin da rediyo bai faɗa ba shi ne, Kanar Dirar ne ya buɗe wa 'yan tawaye ƙofar fada, yanzu haka yana cikin manyan sabuwar gwamnati. Ko shi ne ya ba da hanyarmu tun ran nan, Allah ne masani. Kwamanda Jailani kuwa na tambaya har na gaji, ba wanda ya san inda yake.

Ran Asabar aka kawo Shugaba asibitinmu. Ba jiniya, ba masu tsaro, daga shi sai wata tsohuwar ƙanwarsa mai riƙe masa jaka. Ƙoda ce wannan karon. Mudir ya ce tunda na san jikinsa ni zan riƙa duba shi. Na daɗe tsaye a bakin ƙofar kafin in tura.

Ya rame ƙwarai, wuyansa kamar na tsohon zakara. Yana ganina ya gane ni, ya yi murna, ya kama hannuna ya ce a duk abin da ya taka jirgin nan da shi, ɗinkina ne kaɗai bai ci amanarsa ba. Sannan ya leƙa bayana ya ce, "Ina dogon nan mai dariya da kuke tare?"

Na ɗauka izgili ne. Na dubi idonsa na ga tsakani da Allah yake tambaya. Ba wanda ya taɓa gaya masa. Sai na jawo kujera na zauna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, na ba shi labarin duka. Na gaya masa yadda aka ja Ayyub da cikinsa a buɗe, da abin da Lado ya ce, da inda harsashin ya shiga. Na gaya masa a kan wane tebur aka ɗinke shi, da wanda ke kwance a jikin bango a lokacin. Na gaya masa sunan Turai da na 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwar tasa ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Shi kuwa ya mayar da idonsa kan silin. Can ya ce, "Yaƙi ne, Likita. Allah ya jiƙansa." Sai ya ce in taimaka in gyara masa matashi, wuyansa yana ciwo. Na gyara masa. Na duba ƙarin ruwansa, na rubuta masa magani, na fito na wuce ofishin Mudir na ce na ajiye aiki. Ya yi ta rarrashi, da ya ga ba zan canja ba ya ce zai sa kafili ya sakar mini fasfo da bizar fita ta ƙarshe.

In Allah ya yarda farkon watan gobe zan sauka Kano, zan bugo waya gidan Alhaji Bashari in faɗi ranar. Daga filin jirgi Funtuwa zan wuce da akwatunan Lado kafin in ƙaraso Gusau. Ina roƙonki alfarma ɗaya. Ki bar yara wurin Inna, ki zo ki tarye ni a tashar Funtuwa, don ba na jin zan iya shiga gidan Lado ni kaɗai.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai ƙaunarki,
Mijinyawa.